Na Kai Musu Jan Bijimi

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni. Ni Sale na Garo, da furfurata da komai, an aike ni ƙasar Turai neman magani, na je na shaida wa masu maganin cewa majinyacinmu ya samu sauƙi. Ba wanda ya ruɗe ni, ba kuma laifin tafinta ba ne. Da bakina na faɗa, ina murmushi, har ina gyara zaman hula. In ka ci karo da kuskure a rubutun nan ka yi haƙuri, aji huɗu na yi a firamare, na huɗun ma rabinsa a bayan shanu na yi shi.

A Gwarzo akwai wani gida mai koriyar ƙofar ƙarfe, gidan marigayi Mai Shari'a. Shi ba alƙalin rabon gado ko rikicin gona ba ne. A kotunan waje ya yi aiki, inda ƙasa take kai ƙarar ƙasa kan iyaka, ko kogi, ko ɓarnar yaƙi. Da ya ajiye aiki ya dawo gida da akwatuna, ya cika ɗaki uku da littattafai, ya buɗe wa ɗaliban shari'a ƙofa. Gadi aka ɗauke ni. Sai ya lura duk littafin da ya aike ni ɗaukowa sau ɗaya, ba na sake mantawa da shi, alhali ba na karanta Turanci. Ba wani sirri ba ne. Ni ɗan makiyaya ne, kallon shanu nake yi musu. Kowanne da launinsa, da tabonsa, da wurin kwanciyarsa. Akwai Guzuma, tsohuwar baƙa mai maganar iyakokin koguna, wadda Mai Shari'a ya cika gefen shafukanta da rubutun hannunsa. Akwai Tagwaye, akwai Mai Karyayyen Ƙaho. Sannan akwai Jan Bijimi, ƙato mai bangon jar fata, wanda ba mai buɗe shi sai shekara-shekara. Shekara talatin ina kiwon garken nan.

Bayan rasuwarsa rufin kwano ya fara yoyo, gara kuma ta samu hanya ta bangon yamma. Na yi toka, na yi kananzir, na yi addu'a. Gara ba ta ji ko ɗaya ba.

'Yarsa Hajiya Rabi ita ce ta gaji son takarda. Shugabar ɗakin karatu ce a wata jami'a, kuma tana cikin wata ƙungiya ta masu kula da ɗakunan karatun dokar ƙasa da ƙasa. Duk ƙarshen shekara manyan ƙungiyar sukan zauna su tsara aikin shekara mai zuwa, a ciki kuma sukan zaɓi ɗakin karatu guda ɗaya tak da ke bakin halaka, su tura masa gwanaye, da kantocin ƙarfe, da na'urar ɗaukar hoton kowane shafi. Hajiya ta rubuta musu. Muka shiga cikin ukun ƙarshe. Suka ce ta zo ƙasar Holan tare da mai kula da ɗakin, su ji daga bakinsa. Saura kwana goma tafiya ta zame a matakala, ƙugu ya karye.

Tana kwance ta miƙo mini ƙunshi a cikin zane. Ta ce, "Baba Sale, ba sai ka yi dogon bayani ba. Guzuma ce. Ka ɗora ta a teburinsu ka buɗe. Gara ta riga ta rubuta mana jawabin."

Na ce, "An gama, ranki ya daɗe."

Da na koma Gwarzo na kwance zanen na dubi Guzuma. Cikinta duk hanyoyin gara ne, in ka ɗaga shafi kana hango mutum ta ciki. Na ce haba! In tsallake teku in nuna wa baƙi wannan? Wa ya taɓa jan ramammiyar saniya zuwa kasuwa don a san garken gidansu? Me za su ce da Mai Shari'a yana kabari? Ni kuma mai kiwon, da wane ido za su dube ni? Na mayar da ita wurinta. Na sauko da Jan Bijimi, na shafa masa ɗan man shanu, na goge shi har yana ɗaukar ido, na naɗe shi a zanen. Ban faɗa wa kowa ba.

Zangon farko, filin jirginsu. Kare ne ya fara yi mini maraba. Ya zo ya zauna a gaban jakata kamar mai jiran sadaka, sai ga ma'aikaci da safar hannu. Kilishi ne, na musamman, wanda na sa aka yi a Gwarzo don in kai wa shugabar taron gaisuwa. Na yi masa bayani da Hausa, na ƙara da hannu, na gutsura na ci a gabansa don ya ga ba guba. Ya kaɗa kai, ya ɗaga ƙunshin da yatsa biyu, ya jefa a kwandon shara. Karen ma bai samu ba. Sannan ya kwance zanen, ya ga Jan Bijimi, ya shafa bangon, ya miƙo mini da hannu biyu. Kaina ya ƙara girma. Na ce a raina, ka gani ko, Sale? Da Guzuma ce da ta bi kilishi.

Amma na shiga ƙasar mutane hannu na dukan cinya, kuma abin ya tsaya mini. A wurinmu ba a zuwa roƙo ba gaisuwa.

Zango na biyu, tashar jirgin ƙasa da ke ƙarƙashin filin jirgin. Hajiya ta rubuta mini sunan garin a takarda, ta ce tafinta zai jira ni a can. Ina tsaye gaban wata na'ura mai haske, ina kallonta tana kallona, sai na ji an ce, "Alhaji, sannu da hanya!" Wallahi don daɗi ban san lokacin da na juya ba. Wani dogo ne da rigar sanyi mai hula, Hausarsa irin ta mutanen zango. Ya tambayi Kano, ya tambayi damina, ya ce kakarsa 'yar Katsina ce. Ya ce in kawo kuɗi ya sayo mini tikiti, na'urar nan tana cutar baƙi. Ya dawo da tikitin, ya raka ni har ƙofar jirgi, ya ce in sa shi a addu'a. Na sa shi kuwa. Har yanzu ina sa shi, sai dai addu'ar ta canza.

Tikitin jiya ne, wani ya riga ya hau da shi. Mai duba tikiti ta tsaya a kaina tana magana, jama'a suka sunkuyar da kai cikin wayoyinsu, ni kuwa ina ta "yes, yes", don ita kaɗai na fito da ita daga gida. Wata tsohuwa da ke gefena ta ciro kati ta miƙa mata, aka sallame ni. Na fara jero godiya, ta ɗaga hannu alamar ya isa. Ta buɗe jaka ta raba burodinta biyu, da cuku a tsakiya, ta ba ni rabi. Muka ci tare har ta sauka. Ban san sunanta ba. Allah ya san shi.

Ta tagar jirgin na ga shanunsu. Baƙi da fari, ƙibabbu, ba ƙaho, ba tozo, ba makiyayi. Kowace da rawayar lamba a kunne. Na ce ikon Allah, ƙasar da aka ƙirga kowace saniya! Sai mahaifinmu, Baffa, ya faɗo mini a rai. Shi bai taɓa faɗin yawan shanunsa ba, ko mu 'ya'yansa ba mu sani ba, wai ƙirga dukiya yana kore albarka. Shekarar da tari ya shiga garkenmu ina yaro, malaman dabbobi suka zo Garo da allura. Baffa ya sa muka kora masu tarin cikin kwari, ya shimfiɗa wa baƙin tabarma, ya kawo nono. Suka ce, "Yaya dabbobi?" Ya ce, "Lafiya lau, sai godiya." Kafin kaka ko igiyar ɗaure maraƙi ba ta da aiki a gidanmu. Abin da ya fitar da ni neman gadi ke nan. Na tuna wannan duka a cikin jirgin, na yi wa Baffa addu'a, na gyara wa Jan Bijimi zama a cinyata. Ko kaɗan ban ga kaina a cikin labarin ba.

Tafintan yana jirana kamar yadda aka ce. Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, magidanci mai furfura a gemu, yana karatun digirin ƙarshe a fannin shari'a. Da na ba shi labarin tikiti bai yi dariya ba, ya dai cire rigar sanyinsa ya yafa mini. Ya kai ni masauki, wani ɗaki da kajin Garo za su raina, taga tana kallon bangon wani gida. Ruwa yake ta zuba, ba irin namu mai zuwa da tsawa ya yi abin da ya kawo shi ya tafi ba. Wannan tsiyaya yake kamar mai jin haushinka. Kwana huɗu na yi a garin ban ga rana ba. Isuhu ne ya nuna mini gabas a waya, na yi salla ina fuskantar banɗaki, ina neman gafara. A lokacin ana yankan dawa a Garo. Na rufe ido ina jin ƙamshin kara, da hayaƙin murhun yayata Adda Dije, na buɗe na ga bango.

Isuhu ya ce, "Baba, bari in hwaɗa maka. Mutanen ga ba su san kara ba. Abin da ka hwaɗi shi za su rubuta. Minti goma gare ka, kar ka ɓata ko ɗaya."

Na ce, "Ɗan'uwa, shekara talatin ina zaune da Mai Shari'a. Ni za a koya wa magana da manya?"

"To in ga littahin da Hajiya ta ce ka kawo."

"Amarya ba a buɗe ta sai ranar."

Ya yi dariya. Da ya matsa, da watakila ban rubuta wannan ba.

Ɗakin taron yana saman wani tsohon ɗakin karatu, mai ɗumi, ba ɗigon ruwa ko ɗaya. Mutum goma sha biyu a dogon tebur, fari da baƙi da ja, kowa da ƙasarsa. Shugabarsu doguwar mace ce mai farin gashi, ni dai Uwar Taro na sa mata. A bango an kafa farin allo, an tsaga shi gida goma sha biyu, kowane gida wata ɗaya na shekarar da ba ta zo ba. Ranar farko kallo kawai na yi, Isuhu yana raɗa mini. Suka yi gardama kan garin da za a yi babban taron baɗi. Suka yi gardama kan wanda zai riƙa fitar da mujallarsu, don wanda ke yi ya ce ya gaji. Suka sa watan horar da sababbin ma'aikata, suka sa watan zaɓe, suka sa ranar da za a tunatar da wanda zai tunatar da sauran. Duk abin da aka yanke, sai a rubuta a 'yar takarda mai launi a manna a gidan watansa. Suka yi watandar shekara kamar sa, kowa ya ɗauki kasonsa, ba wanda ya ce in Allah ya kai mu. Tausayinsu ya kama ni. Duk takardar da aka manna sai in ce "in sha Allahu" a madadinsu. Wani mai tabarau ya tambayi Isuhu me nake cewa. Da ya ji, ya yi dariya ya ce a ɗauke ni aiki.

Akwai wata koriyar takarda doguwa da ba a manna ba, an ajiye ta a gaban Uwar Taro. Isuhu ya ce, "Waccan taku ce, in Allah ya so. Wata shida za ta rufe a allon."

Washegari aka kira mu ukun. Ta farko mace ce daga wani tsibiri. Ta nuna hotuna a bango: ruwan teku har wuyan kantoci, littattafai sun kumbura kamar mushe. Tana magana tana kuka, ba ta ko rufe fuska ba. Na biyu namiji ne daga ƙasar da ake yaƙi, ya ajiye littafin da wuta ta cinye rabinsa, ya faɗi yawan waɗanda suka ƙone ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta sunayen mamata. Na tausaya musu, Allah ya sani. Amma a ƙasan raina cewa nake, waɗannan ba su da manya a gida? Mutum ya kwance wa gidansu zane a kasuwa haka?

Aka ce ni. Uwar Taro ta danna agogon wayarta.

Na miƙe na yi sallama. Na gaishe ta, na gaishe da na damanta da na hagunta. Na tambayi gajiyar jiya. Na tambayi iyali, da sanyi, da ruwan nan da ba ya ɗaukewa. Na isar da gaisuwar Hajiya, da ta iyalan marigayi, da ta mai unguwarmu wanda bai ma san na tafi ba. Na ba da haƙurin zuwa hannu sake, na kawo labarin kare da kilishi, suka yi dariya sosai. Daɗi ya kama ni, na ƙara musu da na tikiti. Isuhu yana fassarawa yana taka mini ƙafa.

Uwar Taro ta dubi wayarta, ta katse ni da murmushi. Isuhu ya ce, "Tana tambaya, garar da Hajiya ta rubuta a takarda, yaya take yanzu?"

Kai mai karatu, in ka je duba mara lafiya, ko yana shure-shuren mutuwa, ka ce yaya jiki, me ake ce maka? Abin da ya fito daga bakina ke nan. "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Isuhu ya juyo. "Baba, in hwaɗa musu haka?"

"Faɗa mana. Ƙarya na yi? Kullum cikin sauƙin Allah muke."

Ya faɗa. Wata mai rubutu a ƙarshen tebur ta rubuta. Sai aka ce in nuna littafin. Na kwance zanen a hankali, na ɗora Jan Bijimi a tsakiyar tebur. Fitila ta haske shi. Na ji Isuhu ya ja numfashi kamar an soke shi. Su kuwa suka taso, mai tabarau ya sa farar safar hannu, ya buɗe, ya juya shafi, ba huda ko ɗaya. Ya ce nasu kwafin da ke ƙasan benen nan bai kai wannan lafiya ba. Ya ce da me nake kula da fatar? Na ce man shanu. Ya rubuta. Ni Sale, Bature yana rubuta maganata! A wannan minti da an ce in mutu, da na mutu ina dariya.

Uwar Taro ba ta taso ba. Ta ce, "Littattafai nawa ne suka lalace?"

Na san su. Ba da lamba ba, da fuska. Guzuma, da Tagwaye, da duk 'yan bangon yamma tun daga ƙasa har inda hannuna ke kaiwa. Suna nan a kan harshena. Amma idanu ashirin da huɗu suna kallona, ga Jan Bijimi yana sheƙi, ga yabon da ban gama haɗiyewa ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, a wurinmu ba a ƙirga dukiya."

Isuhu ya fassara, sannan ya ci gaba da magana da Turanci, doguwa, yana nuna ni yana nuna ƙirjinsa. Daga baya ya ce mini roƙonsu ya yi, yana gaya musu mutanenmu ba sa faɗin ciwo kai tsaye. Uwar Taro ta saurare shi. Ta ce ta gane, amma ba shi ne mai kula da ɗakin ba, daga bakina take so ta ji. Ta dube ni ido cikin ido, ta yi magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Isuhu ya ce, "Baba, ka ji da kyau. Ta ce kuna buƙatar taimakon a wannan shekara, ko za ku iya jira?"

To ni abin da na sani, in an miƙo maka ƙwarya ka ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. A sake miƙowa ka ce a ba yara. Sai an ce don Allah, sannan ka sa hannu. Na dubi matar tsibiri da jajayen idanunta. Na ce, "A fara da waɗanda suka fi mu buƙata."

Na tsaya ina jiran a ce don Allah.

Uwar Taro ta dafa ƙirji ta sunkuyar da kai. Wasu suka tafa. Matar tsibiri ta zo ta kama hannuna da hannu biyu tana kuka. Aka fitar da mu, aka kira mu bayan rabin sa'a. Koriyar takardar tana manne a allo, ta rufe wata shida, da sunan tsibirin a kanta.

Ko a nan ban gane ba. A hanyar masauki na ce wa Isuhu, "Kar ka damu. Baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai kwana uku. Gobe zan same ta ita kaɗai, mu yi maganar manya." Ya saya mini soyayyen dankali a takarda, ya tsaya yana kallona ina ci.

Rana ta uku na sa babbar rigata, muka hau benen. Allon fari fat, an goge. Wani yana naɗe wayoyin lantarki. Muka sauko da gudu, ni da gwiwoyin nan nawa, muka tarar da Uwar Taro a bakin titi tana kwance kekenta, ruwa na zuba. A nan, a tsaye, ba tabarma ba gaisuwa, na faɗi abin da aka aiko ni in faɗa. Na faɗi Guzuma da rubutun Mai Shari'a a gefenta. Na faɗi bangon yamma, da bokitan da nake jerawa duk damina, da musanyar da na yi. Ban ɓoye komai ba. Minti biyu ya ishe ni, ashe.

Fuskarta ta canza. Ta jingine keken. Ta ce an riga an sa hannu a tsarin, an aika wa 'yan ƙungiya a ƙasashe, matar tsibiri ta buga waya gida tun jiya. In ta buɗe maganar, daga hannun waccan za a karɓe. Ta ce mu sake nema a zaman baɗi. Na lissafa a raina: zaman baɗi na shekarar da ke bayansa ne. Damina biyu ke nan.

Na ce wa Isuhu, "Gaya mata da ta sake tambayata, da na faɗa."

Bai fassara ba. Ya ce, "Baba, sau ukku ta tambaye ka."

Na tsaya na ƙirga, ni da ba na ƙirga. Gara. Yawansu. Buƙata. Uku cif. Matar nan ta yi mini duk abin da ake yi wa baƙo a Garo, ni ne ban gane ƙwaryar ba don ba irin tamu ba ce.

Ta cire safar hannunta ta ulu ta sa mini, don ta ga yatsuna sun ƙage. Ta hau kekenta. Tana waiwaye har ta sha kwana.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Ba wanda ya cuce ni, ba abin da ya rage a cuta. Isuhu ya raka ni har inda ake hana rakiya, ya ƙi karɓar rigarsa. Jan Bijimi ya yi mini nauyi a cinya kamar na ɗauko dutsen niƙa.

Na sami Hajiya ta fara zama a kujera. Takardar ƙungiya ta riga ni isowa, har da yabo, wai wakilinku ya nuna dattako. Na durƙusa na kwance zanen a gabanta. Ta dubi jar fatar nan ta daɗe. Na so ta yi faɗa, ta kira ni tsohon banza, ta kore ni. Ta ce kawai, "Baba Sale, ka mayar da shi wurinsa. Sannu da hanya."

Mun yi abin da za mu iya. Ta sa aka liƙe kwanon, aka yi feshi, muka kwashe littattafan tsakiya zuwa ɗakin gabas, 'yan bangon yamma muka bar su a wurinsu don kar su kai wa sauran gara. Amma gara ta riga ta shiga cikin katakon kantocin, feshin sama ba ya kai mata. Ruwan farko na daminar ya zo da iska, ya ɗage kwano uku, bangon yamma ya jiƙe ya zauna a kan abin da ke jikinsa. Da na tono Guzuma, na ɗaga ta, bangon littafin ne kawai ya biyo hannuna. Rubutun Mai Shari'a, na shekara da shekaru, ya koma ƙasa mai laushi irin wadda mata ke nema don yaɓe. Babu kwafinsa a ko'ina, ko a ƙasan benen Holan. Da lokacin sake nema ya zo, Hajiya ba ta rubuta ba. Ta ce abin da ya rage ana samunsa a wasu wurare, wanda babu irinsa shi ne ya tafi. Ta kwashe sauran zuwa jami'arsu. Ɗalibai suka daina zuwa Gwarzo. Koriyar ƙofar tana rufe, makullin yana aljihuna, ina gadin ɗaki uku da ba kowa. Na koma aikina na farko.

Da kaka na je Garo. Na tarar da Adda Dije a tsakar gida tana ɓarar wake. Ta girme ni da shekara shida, ita ta riƙe sandar da muka kora masu tari cikin kwari. Na zauna na ba ta labarin tafiyata yadda nake ba mutane a majalisa, da gishirinsa: kare, da tikiti, da Baturen da ya rubuta man shanu. A majalisa har riƙe ciki ake yi. Ita ba ta ɗaga kai daga tiren ba. Na kai ƙarshe, na yi 'yar dariyata ni kaɗai, ta mutu a iska.

Ta busa ƙaiƙayin, ta tsince wani ƙwaro ta yar. Sannan ta faɗi maganar da nake kwana da ita nake tashi da ita.

"Garke biyu ke nan lafiya lau ta cinye mana, Sale. Shi dai Baffa a ƙofar gida ya faɗi tasa, bai hau jirgi ba."